SAKAINUN ƘASA: YADDA SUKE MOTSI DA IRE-IREN IYAKOKINSU

1. Gabatarwa

Harshen Hausa yana da wadatar kalmomi game da fuskar ƙasa. Manomi yana bambanta jigawa da fadama, da fako da laka, da marmara da burji, kuma kowace kalma tana da iyakarta wadda ba ta shiga ta 'yar'uwarta. Amma da zarar magana ta bar fuskar ƙasa ta shiga motsin ita ƙasar kanta, sai kalmomin su yi ƙaranci. Yawancin Hausawa sun fara jin labarin girgizar ƙasa ne a makarantar allo, wajen karatun Suratuz Zalzala, ba don sun taɓa jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu ba. Shi kuwa "dutse mai aman wuta" siffantawa ce aka yi da kalmomi huɗu, domin babu suna guda da aka gada daga kakanni.

Wannan ƙaranci ba rauni ba ne na harshe. Dalilinsa yana ƙarƙashin ƙasa, kuma ilmin da ya bayyana shi bai tsaya da ƙafafunsa ba sai tsakanin 1963 da 1968. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wannan ilmi da Hausa tsantsa, watau yadda ƙoƙon duniya ya kasu gida-gida, da abin da ke sa gidajen motsi, da abin da ke aukuwa a inda suka haɗu. Tun da yake ba a yin bayani sai da suna, tilas a tsaya nan da can a duba kalmar da ta fi dacewa.

2. Ƙoƙon duniya da zaɓen suna

Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya akwai tazarar kilomita 6,371. Masana sun kasa wannan tazara kashi uku, kuma mangwaro ya isa misali: akwai ɓawo, akwai tsoka, akwai ƙwallo. Ɓawon ba shi da kauri ko kaɗan idan an gwada shi da sauran. A ƙarƙashin teku kimanin kilomita 7 ne, a ƙarƙashin nahiyoyi kuwa yakan kai 35, ya ninka haka a ƙarƙashin manyan tsaunuka irin su Himalaya. Tsokar ta sauka har zuwa zurfin kilomita 2,900. Daga nan sai ƙwallon, wanda galibinsa ƙarfe ne, bayansa narkakke, tsakiyarsa daskararriya.

Abin lura shi ne ɓawon iri biyu ne. Na teku baƙin dutse ne mai nauyi, wanda ya ninka nauyin ruwa sau 3. Na nahiya kuwa ya fi kama da irin duwatsun Kufena da Kwatarkwashi, masu haske da ƙyalli, waɗanda nauyinsu ya ninka na ruwa kimanin sau 2.7. Bambancin ƙanƙane ne a ido, amma kamar yadda za a gani nan gaba, shi ne ke yanke hukuncin wanda zai nutse da wanda zai tsira idan an yi karo.

Ba ɓawon kaɗai ke motsi ba. Ɓawon da saman tsokar sun manne, sun yi sanyi, sun sandare, sun zama abu guda mai kaurin kimanin kilomita 100, ko fiye da 200 a ƙarƙashin tsofaffin nahiyoyi. Wannan shi ne za a kira ƙoƙon duniya, bisa kwatancin ƙoƙon kai. A ƙarƙashinsa akwai sashe mai zafi da laushi. Sau da yawa akan ji ana cewa wai ƙasa tana yawo ne a kan tekun narkakken dutse, alhali kuwa ba haka ba ne. Tsokar duniya daskararriya ce, kuma shaidar haka ita ce akwai wani nau'in kaɗawar girgizar ƙasa da ba ya iya ratsa ruwa-ruwa, amma yana ratsa tsokar. Laushin nata irin na ƙarfen da ya yi ja a maƙera ne: bai narke ba, amma yana bin hannu idan an matsa masa, sai dai a nan bin hannun yana ɗaukar dubban shekaru.

Ƙoƙon nan ba lafiyayye ba ne, fasasshe ne. Ya kasu manyan kashi bakwai, watau na Fasifik, da na Afirka, da na Turai-da-Asiya, da na Amurka ta Arewa, da na Amurka ta Kudu, da na Antatika, da na Indiya-da-Ostiraliya, wanda wasu ke raba shi biyu. Akwai kuma ƙanana da dama, kamar na Larabawa, da na Nazka, da na Karibiyan, da na Filifin. To, mene ne sunan kowane kashi da Hausa? Masu fassara sukan ce "faranti", domin kalmar Turancin tana ɗauke da ma'anar abin zuba abinci. Amma Baturen da ya zaɓi kalmar yana nufin falle ne mai faɗi da tauri, shi kuwa Bahaushe in ya ji faranti sai ya hango tangaran mai da'ira, wanda ba ruwansa da na kusa da shi. "Faifai" ma yana da wannan aibi, ga shi kuma yana tanƙwaruwa. Kalmar da ta fi kusa ita ce sakaina. Sakaina tana da tauri, ba ta da kauri, tana da doro domin daga jikin abu mai ƙubba ta fito, bakinta ba shi da tsari, sa'an nan kuma ba a fahimtarta sai an tuna da ƙwaryar da ta fashe da sauran 'yan'uwanta waɗanda bakinsu ya dace da nata. Doron nan ba ado ba ne a cikin kwatancin. Tun da yake duniya dunƙulalliya ce, kowace sakaina ba tafiya take yi a miƙe ba, juyawa take yi a kan wani matokari, ta yadda sashenta da ke nesa da matokarin ya fi na kusa sauri. A kan wannan lissafi ne aka gina ilmin baki ɗaya.

Sai dai kowane kwatanci yana da inda ya tsaya. Sakainar gyartai ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, ita kuwa ta ƙasa tana toho ta wani gefe, ana cinye ta ta wani. Haka kuma bai kamata a ɗauki sakaina da nahiya abu ɗaya ba. Sakainar Afirka ta ƙunshi nahiyar Afirka da rabin gindin Tekun Atlantika na gabas, har da wani yanki na Tekun Indiya. Sakainar Fasifik kuwa, wadda ta fi kowace girma, kusan dukkanta gindin teku ce. Nahiya kaya ce da sakaina ta ɗauko.

3. Yadda aka gano motsin

Tun a 1596 mai zanen taswira Abraham Ortelius ya lura da yadda ƙusurwar Amurka ta Kudu ta dace da lungun Afirka ta Yamma. Amma wanda ya mayar da wannan lura ta zama hujja shi ne Alfred Wegener, Bajamushe masanin yanayin sama, a wata lacca da ya gabatar a 1912 da littafin da ya fitar a 1915. Ya nuna cewa ana samun ƙasusuwan wani ƙaramin dabba mai kama da guza, wanda ba ya iya ƙetare teku, a duwatsun Afirka ta Kudu da na Birazil. Ana samun sawun ganyen wata bishiya guda a Afirka da Indiya da Ostiraliya da Amurka ta Kudu. Akwai kuma karcen da tarin ƙanƙara mai tafiya ya bari a jikin duwatsun Indiya, ƙasar da a yau take cikin zafi. Ya ce duk wannan ba ya warwaruwa sai idan nahiyoyin sun taɓa zama dunƙule guda, wanda ya sa wa suna Panjiya.

Yawancin masana sun ƙi maganarsa, kuma ya mutu a kan ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba tare da an karɓa ba. An saba a kawo wannan labari a matsayin misalin taurin kan malamai, amma wannan bai yi musu adalci ba. Wegener ya ɗauka nahiyoyi suna keta gindin teku ne kamar yadda garma ke keta ƙasa, kuma ƙarfin da ya ce shi ke tura su bai isa ya motsa su ba. Harold Jeffreys na Kambirij ya yi lissafi ya nuna haka, kuma lissafinsa daidai ne. Kuskuren masu suka shi ne da suka rushe dalilin, sai suka yi watsi da shaidar tare da shi. 'Yan kaɗan ne suka riƙe ta, irin su Arthur Holmes a Ingila da Alexander du Toit a Afirka ta Kudu.

Amsar ta fito daga gindin teku, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen ruwa suka samu na'urar auna zurfi da amsa-kuwwa. A 1952 Marie Tharp, tana zana taswira daga irin waɗannan awo, ta ga cewa jerin tsaunukan da ke tsakiyar Atlantika yana da kwari a tsage tare da tsawonsa. Daga baya aka gane jerin ya zagaye duniya, tsawonsa kimanin kilomita 65,000. Za a so a kira shi "kunyar teku", domin kamanninsa da kunyar gona a fili yake, amma tun da rubutun boko ba ya nuna karin sauti, mai karatu zai iya ɗauka tekun ne ke jin kunya. Saboda haka a nan za a ce ƙashin bayan teku. A 1962 Harry Hess ya kawo ra'ayin cewa a wannan ƙashin baya ne ake ƙera sabon gindin teku, yana bazuwa dama da hagu.

Abin da ya tabbatar da ra'ayin shi ne maganaɗisu. Duniya kanta maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa. Amma wannan maganaɗisu yakan juya baya lokaci-lokaci, arewa ta koma kudu. Juyin ƙarshe ya auku kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Narkakken dutse kuwa, a lokacin da yake daskarewa, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa sukan fuskanci inda maganaɗisun duniya ya nufa a ranar, su tsaya a haka. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews, da kuma Lawrence Morley shi kaɗai a Kanada, suka ce in dai Hess ya yi gaskiya, to gindin teku zai zama kamar saƙi mai ratsi-ratsi, ratsi ɗaya ya fuskanci arewa, na biye ya fuskanci kudu, kuma ratsin da ke dama da ƙashin baya zai yi daidai da na hagu, kamar zanen da aka ninke sa'an nan aka buɗe. Da aka auna, haka aka tarar. A 1968 jirgin haƙa mai suna Glomar Challenger ya ciro laka daga gindin Atlantika ta Kudu, aka ga shekarunta suna ƙaruwa gwargwadon nisanta daga ƙashin baya.

Afirka ta Yamma ma ta ba da tata shaidar. A ƙasar Gana, kusa da Akara babban birninta, akwai layin da ya raba duwatsu iri biyu: na yamma sun kai shekara miliyan 2,000, na gabas, waɗanda suka miƙa har cikin Nijeriya, kimanin miliyan 600. Patrick Hurley da abokan aikinsa suka ce idan har Birazil ta taɓa manne wa wannan gaɓa, to layin zai sake ɓulla kusa da birnin São Luís. Suka tattara duwatsu daga can suka auna shekarunsu, suka kuwa tarar da layin a inda suka zata. An buga sakamakon a 1967. A wannan shekara da ta biye mata ne Dan McKenzie da Robert Parker, da Jason Morgan, da Xavier Le Pichon suka ɗora lissafin juyawar sakainu a kan taswirar duniya. A yau ana auna motsin kai tsaye da taurarin ɗan'adam.

4. Sauri da abin da ke turawa

Saurin sakainu da yawa kusan na tohon farce ne. Atlantika tana faɗaɗa da santimita 2 zuwa 4 a shekara, gabashin Fasifik kuwa yakan kai 15. Wannan ba komai ba ne a rayuwar mutum, amma santimita 3 a shekara, in aka ba ta shekara miliyan 100, ta zama kilomita 3,000.

Tushen motsin zafi ne: wanda duniya ta taso da shi tun farko, da wanda ke fita daga ruɓewar yuraniyom da makamantansa a cikin duwatsu. Littattafan makaranta sukan zana tsokar duniya kamar tukunyar kunu a kan wuta, mai zafi na tasowa, mai sanyi na sauka, sakainu kuma suna bisa ana yawo da su. Zanen yana da saukin koyarwa, amma ya mayar da sakaina 'yar rakiya, alhali ita ce babbar mai aikin. Sabon gindin teku yana da zafi, saboda haka yana tudu. Yayin da yake nisa da ƙashin baya sai ya yi sanyi, ya yi kauri, ya yi nauyi, yana gangarowa. Wannan gangara tana tura sakainar. A ɗaya gefen kuma, inda tsohon gindin teku ya fi abin da ke ƙarƙashinsa nauyi, sai ya nutse cikin tsokar duniya, ya janyo sauran jikinsa, kamar yadda guga cike da ruwa ke jan igiya idan ta kuɓuce daga hannu. A 1975 Donald Forsyth da Seiya Uyeda suka nuna cewa sakainun da ke da irin wannan nutsattsen gefe, kamar ta Fasifik da ta Nazka, su ne masu sauri, waɗanda ba su da shi kuwa, kamar ta Afirka, suna tafiyar hawainiya. Ja ya fi turi ƙarfi ke nan.

5. Iyakoki

Tsakiyar sakaina shiru take. Kusan dukkan manyan girgizar ƙasa da aman wuta suna aukuwa ne a bakin sakainu, har ma idan aka ɗiga wuraren girgiza a kan taswira, ɗigon da kansu za su zana iyakokin. Sakainu biyu masu maƙwabtaka ba su da abin yi sai ɗayan uku: su rabu, ko su yi karo, ko su goga juna su wuce. Daga nan aka samu iyakar rabuwa, da iyakar karo, da iyakar gogayya.

Iyakar rabuwa ita ce ƙashin bayan teku da aka riga aka bayyana. Idan sakainu suka ja da baya, nauyin da ke danne tsokar duniya yakan ragu, sai wani kashi nata ya narke, ya taso ya cike giɓin. A tsibirin Aisilan ƙashin bayan Atlantika ya fito sarari, ana iya tafiya da ƙafa a cikin tsagar. Amma misalin da ya fi kusa da mai karatu shi ne Bahar Maliya, wadda alhazai suka daɗe suna ƙetarawa daga Suwakin zuwa Jidda. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, ƙasar Larabawa tana manne da Afirka. Tun daga lokacin take janyewa, a yanzu da kusan santimita 1 a shekara, kuma Bahar Maliya jaririn teku ce. Filayen baƙin dutse da ke Hijaz suna da alaƙa da wannan buɗewa. A shekara ta 654 bayan Hijira, watau 1256, wuta ta ɓarke a ɗaya daga cikinsu kudu maso gabas da Madina, narkakken dutse ya malalo har kusa da birnin, kuma malaman tarihi na Musulunci sun rubuta labarin. Daga ƙasar Afar ta Habasha tsagar ta shiga cikin nahiyar Afirka, ta bi ta Kenya da Tanzaniya zuwa Malawi. A watan Satumba na 2005, a Dabbahu cikin Afar, ƙasa ta buɗe a tsawon kilomita 60 cikin 'yan makonni, faɗin buɗewar ya kai mita 8 a wasu wurare. Aikin ƙarnuka ne aka biya a lokaci guda.

Tun da duniya ba ƙara girma take yi ba, abin da aka ƙera a iyakar rabuwa tilas a cinye kwatankwacinsa a wani wuri. Wannan shi ne aikin iyakar karo, kuma a nan ne bambancin nauyin nan na ɓawo ke aiki. Idan sakaina mai gindin teku ta gamu da mai ɗauke da nahiya, ta tekun ce ke sunkuyawa ta shige ƙarƙashi. Wannan shi ne nutso. A bakin nutson akan samu kwazazzabo mai zurfi a cikin teku. Na Mariyana, a yammacin Fasifik, ya kusa mita 11,000, a can kuwa gindin teku ne ke nutsewa a ƙarƙashin wani gindin teku da bai kai shi tsufa ba. Sakainar da ke nutsewa tana ɗauke da ruwa a cikin duwatsunta. Idan ta kai zurfin kimanin kilomita 100, zafi da matsi sukan tatse ruwan, ya hau cikin tsokar da ke bisa, ya sa ta narke a zafin da da bai isa ya narkar da ita ba, kamar yadda kanwa ke sa wake nuna da wuri. Narkakken dutsen ya taso ya zama jerin duwatsu masu aman wuta. Haka tsaunukan Andis suka samu, inda sakainar Nazka ke shiga ƙarƙashin Amurka ta Kudu, haka kuma tsibiran Japan da Indunusiya.

Nutso ba ya tafiya sumul. Sakainun biyu sukan cije na shekaru ɗaruruwa, bakin ta sama yana lanƙwasa kamar baka, har ranar da cijewar ta saki. Mafi girman girgizar da aka taɓa aunawa, mai maki 9.5, ta auku a irin wannan wuri a ƙasar Chile a 1960. Ta ranar 26 ga Disamba 2004 a gaɓar Sumatara ta ɗaga gindin teku, ta tayar da igiyar ruwa wadda ta hallaka mutane fiye da 200,000, har ta kai gaɓar Somaliya. Ta Japan a 2011 ma irinta ce. Nutso ne kuma ya bayyana wani abu da ya daɗe yana ɗaure kai: gindin manyan tekuna bai wuce shekara miliyan 200 ba, alhali a Kanada akwai duwatsun nahiya da suka kai miliyan 4,000. Gindin teku ana sake shi kullum, nahiya kuwa ba ta nutsewa.

To, idan teku ya ƙare, nahiya ta gamu da nahiya fa? Babu mai iya shigewa ƙarƙashin wata sosai, sai su cukuikuye. Indiya ta taso daga kudu ta yi karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, kuma har yanzu tana kutsawa da santimita 4 zuwa 5 a shekara. Sakamakon shi ne Himalaya da tudun Tibet. Ƙololuwar Everest, mai tsayin mita 8,849, farar ƙasa ce da ta kwanta a gindin teku, da burbushin halittun ruwa a jikinta.

A iyakar gogayya ba a ƙera ɓawo, ba a cinye shi. Sakainu biyu ne ke wuce juna kafaɗa da kafaɗa. Tuzo Wilson na Kanada ne ya bayyana ta a 1965. Ba ta cika haifar da aman wuta ba, amma girgizarta ba ta da zurfi, shi ya sa ɓarnarta ke da yawa in ta ratsa gari. Tsagar San Andreas a Kalifoniya ita ce ta rushe San Faransisko a 1906, inda a wasu wurare shinge da hanya suka goce da kusan mita 6. Wata irinta ta tashi daga arewacin Bahar Maliya ta bi ta Bahar Lut da kwarin Urdun, kuma gefenta na gabas ya wuce na yamma da kimanin kilomita 105. Inda ta ƙarasa ta haɗu da tsagar gabashin Anadol, wadda ta motsa ranar 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe mutane fiye da 50,000 a Turkiyya da Siriya. Yawancin iyakokin gogayya, duk da haka, suna ƙarƙashin ruwa, suna yanka ƙashin bayan teku gunduwa-gunduwa.

6. Matsayin ƙasar Hausa

Yanzu ana iya komawa ga ƙarancin kalmomi da aka fara da shi. Iyakar sakainar Afirka ta yamma tana tsakiyar Atlantika. Ta arewa tana Bahar Rum da tsaunukan Atlas, inda Afirka ke matsa Turai a hankali, abin da ya jawo girgizar Agadir a 1960, da ta El Asnam a Aljeriya a 1980, da ta kudancin Marrakesh a 2023. Ta gabas tana Bahar Maliya da kwarin Afirka ta Gabas. Daga Kano ko Damagaram zuwa mafi kusa daga cikinsu akwai tafiyar fiye da kilomita 2,000. Mutanen da ke zaune a tsakiyar sakaina ba su da dalilin sa wa abin da ba su taɓa gani ba suna. Mutanen Japan kuwa, da ke zaune a bakin nutso, suna da kalma guda ga igiyar ruwan da girgiza ke tayarwa, wadda duniya duka ta ara.

Amma ba kullum ne yankin ya kasance nesa da iyaka ba. Lokacin da Amurka ta Kudu ta fara ɓallewa daga Afirka, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, tsagar ta yi rassa uku daga inda bakin kogin Kwara yake a yau. Reshe ɗaya ya nufi kudu ya zama Atlantika ta Kudu. Na biyu ya nufi yamma, ya bi gaɓar Gana da Kwaddibuwa, inda nahiyoyin biyu suka goga juna suka wuce. Ragowar wannan gogayya su ne manyan tsagogin da ke kwance a gindin teku daura da gaɓar, kuma wasu masana suna danganta girgizar da ta taɓa Akara a 1862 da 1939 da su. Reshe na uku ya nufi arewa maso gabas, ya buɗe, teku ya shiga, sa'an nan ya tsaya bai ƙarasa ba. Shi ne kwarin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,000, wanda ya miƙa har yankin Gwambe da Yola. Lakar da ta cike shi ita ce ta ba da farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka da Gboko, da gishirin Awe da Keana, da darmar Abakaliki. Da reshen nan ya ci gaba da buɗewa, da ƙasar da ke gabas da Binuwai tana wata nahiya dabam.

Akwai kuma abin da ilmin iyakoki bai rufe ba. Daga tsibiran Sao Tome da Biyoko, ta Dutsen Kamaru, zuwa tudun Adamawa da na Biu, akwai jerin duwatsu masu aman wuta waɗanda ba sa kan kowace iyaka. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos, wanda ke cikin bakin ɗaya daga waɗannan duwatsu, ya saki iska mai shaƙewa wadda ta kashe mutane kimanin 1,700 da dabbobinsu. A tsibiran Hawai, waɗanda su ma suke tsakiyar sakaina, an bayyana irin wannan da cewa akwai wani murhu a can ƙasa wanda sakainar ke wucewa ta kansa, shi ya sa tsibiran ke ƙara tsufa gwargwadon nisansu daga murhun. Duwatsun jerin Kamaru ba su bi wannan tsari ba, domin shekarunsu ba su jeru daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba, kuma masana sun kasu a kan abin da ke hura wutarsu.